Ƙiba da ƙoda: yadda likitoci suka gano alaƙarsu

Duk wanda ya taɓa feɗe ragon turka ya ga yadda kitse ke lulluɓe ƙoda, sai an tona kafin a same ta. A jikin rago abin murna ne. To a jikin mutum fa?

A da, nan yankin Dandi ƙiba shaidar wadata ce. 'Yan uwanmu Zabarmawa har al'ada gare su, hangandi, inda mata ke ɗura abinci don su yi jiki, a ce mijin ya iya riƙo. Amma ƙiba ba ta cika samun wurin zama ba, don mutumin Tumbutu a ƙafa ko kan jaki yake cin kasuwa, makiyayi kuwa yini yake bayan shanu. Da aka gina gadar Malanbil da Gaya a 1958, manyan motoci suka karɓi aikin ƙafa. Daga baya moto ta shigo, ga shinkafa da mai, ga lemun kwalba, ga shayi mai sukari zagaye uku. Ɗan kasuwa ya zauna a rumfa tun safe har magariba, tumbi na ta gaba abinsa, ana ce masa "Alhaji, hutu ya karɓe ka".

Su ma likitoci sun daɗe ba su lura ba. A 1827 Richard Bright, wani likita a Landan, ya nuna cewa kumburin jiki da zubar furotin cikin fitsari daga ƙoda suke. Sai a 1974 likitoci a Amurka suka ba da labarin mutum huɗu masu matsananciyar ƙiba da furotin ke kwarara a fitsarinsu. A 2017 aka keɓe Ranar Ƙoda ta Duniya kacokan ga wannan batu.

Ga yadda abin yake. Kowace ƙoda na da 'yan matatai kusan miliyan ɗaya, kuma bayan haihuwa ba a ƙara ko guda. In jiki ya ƙaru, matatan nan dai su za su tace jinin duka, kamar a ɗora wa jaki ɗaya kayan jakai biyu. Sai su kumbura, su fara yoyo, su yi tabo, su mutu ɗaya bayan ɗaya. Ƙiba kuma ita ke janyo hawan jini da ciwon sukari, manyan masu kashe ƙoda. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shekaru ake yi ba ciwo ba zafi. Kafin ƙafa ta kumbura an yi nisa.

In ta kai ga wankin ƙoda, sau biyu ko uku ne a mako, wajen awa huɗu kowane zama, kuma sai an dangana da babban gari kamar Paraku ko Kwatano. Wa zai tsare rumfa? Wa zai kai shanu mashaya? Awon jini da na fitsari kuwa, ranar kasuwa ma ana iya ratsewa asibiti a yi su, musamman in mutum ya ga kumfa a fitsarinsa da ba ta saurin kwantawa.