Michel Foucault

Michel Foucault (1926–1984) masanin falsafa ne kuma masanin tarihi ɗan ƙasar Faransa. An haife shi a garin Poitiers, ya rasu a birnin Paris. Ya koyar a Jami'ar Tunis daga 1966 zuwa 1968, kuma a 1970 aka naɗa shi farfesa a Collège de France.

Jigon tunaninsa shi ne alaƙar ilimi da iko. A ganinsa, iko ya wuce fadar mai mulki, yana ratsa asibiti da makaranta da barikin soja, inda ake auna mutane a ce wannan lafiyayye ne, wancan mahaukaci. Littafinsa na 1961 ya bi tarihin hauka a Turai. A littafinsa Surveiller et punir na 1975, ya ɗauko tsarin gidan yarin da Jeremy Bentham ya zana: hasumiya a tsakiya, mai gadi yana hangen kowa, fursuna kuwa bai san lokacin da ake kallonsa ba, har ya zama shi ke gadin kansa.

Masana shari'a da adabi da ilimin zamantakewa da tarihin likitanci duk sun ɗebi rabonsu daga gare shi. Edward Said ya yi amfani da dabarunsa a littafin Orientalism na 1978, haka ma V. Y. Mudimbe ɗan Kwango a The Invention of Africa na 1988.

Bai tsira daga suka ba. Wasu masana tarihi sun zarge shi da sakaci wajen hujjoji, Jürgen Habermas kuma ya ce bai bayyana dalilin da zai sa a bijire wa iko ba.