Kunkurun Logo da Danginsa: Matsayin Takardu Wajen Adana Mutum-mutumin Koyarwa na Shekarun 1980

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin ƙananan mutum-mutumin koyarwa da aka riƙa sarrafawa da kwamfutoci irin su BBC Micro da Apple II a makarantun Birtaniya da Amurka cikin shekarun 1980. An ɗauki guda uku a matsayin misali: Valiant Turtle da BBC Buggy da akwatin LEGO Interface A. An kwatanta yadda kowanne ke karɓar umarni, aka kuma duba abin da ake buƙata kafin a sake tayar da shi a yau. Maƙalar ta nuna cewa takardun da suka zo tare da na'urar, musamman zanen haɗin wayoyi da jagoran malami, su ne ƙashin bayan adanawa, kuma su ne suka fi saurin salwanta.

Fitilun kalmomi: mutum-mutumi, Logo, BBC Micro, adana kayan tarihi, jagoran malami

1.0 Gabatarwa

A watan Disamba na 1981 kamfanin Acorn ya fito da BBC Micro domin shirin gidan BBC na wayar da kan jama'a game da kwamfuta. Gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyin rabin kuɗin kwamfuta ga makarantu, don haka na'urar ta shiga azuzuwa birni da ƙauye. Tare da ita aka shigo da mutum-mutumi masu taya, waɗanda yaro zai rubuta musu umarni su bi. Yawancin waɗanda suka rage yanzu suna gidajen tarihi ko hannun masu tara tsofaffin kaya. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: idan an ajiye na'urar ita kaɗai, me aka adana, me kuma aka rasa?

2.0 Waiwaye: Asalin Kunkuru

Tun tsakanin 1948 da 1949 William Grey Walter ya ƙera wasu na'urori biyu masu bin haske a Bristol, Elmer da Elsie, waɗanda aka kira kunkuru saboda ƙoƙon bayansu. A 1967 Wally Feurzeig da Seymour Papert da Cynthia Solomon suka samar da harshen kwamfuta na Logo a kamfanin Bolt, Beranek and Newman da ke jihar Masacusets, daga baya aka haɗa shi da kunkuru mai zane a ƙasa. Papert, haifaffen Afirka ta Kudu da ya yi aiki da Jean Piaget a Janiba, ya shimfiɗa manufar abin a littafinsa Mindstorms na 1980: yaro ne zai koya wa kwamfuta, kuma a cikin koyarwar nan yake gane lissafi.

Misali ɗaya zai fayyace wannan. Yaro ya zana murabba'i ta hanyar maimaita FORWARD 100 da RIGHT 90 sau huɗu. Sai malama ta ce ya zana alwatika mai ɓangarori daidai. Da yake an koya masa cewa kowace kusurwa digiri 60 ce, sai ya rubuta RIGHT 60. Kunkuru ya ja layi uku amma zanen bai rufe ba, rabin siffa mai kusurwa shida ce ta fito. Malama ba za ta faɗa masa amsa ba. Za ta ce ya miƙe ya taka alwatikar da ƙafarsa, ya lura da yawan juyin da yake yi a kowace kwana, har ya gano cewa 120 ake so, domin juyi uku su cika 360. Wannan dabara ta koyarwa ba ta cikin injin kunkurun. A jagoran malami take.

3.0 Hanyar Bincike

An bi hanyar kwatantawa. An auna kowace na'ura da tambayoyi uku: ta wace kafa take haɗuwa da kwamfuta, wace manhaja ke tuƙa ta, kuma wane bayani ne ba za a iya gano shi daga kallon jikinta ba.

4.0 Na'urorin Uku

Valiant Turtle ya fito a 1983 daga kamfanin Valiant. Yana da koren ƙoƙo da alƙalami a ciki, ba ya kuma jan waya. Wani ƙaramin akwati ne ake jona wa kwamfuta, shi ke aika umarni da hasken da ido ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin. Idan akwatin ya ɓata, kuma babu takardar da ta bayyana tsarin saƙon, sai dai a yi ta lalube cikin duhu.

BBC Buggy na kamfanin Economatics shi ma a 1983 ya fito. A wargaje yake zuwa, a harhaɗa shi da sassan Fischertechnik. Yana da injuna biyu masu juyawa taki-taki, da abin jin karo, da abin gane haske, da abin karanta layukan baƙi da fari. Faffaɗar waya ce ke haɗa shi da BBC Micro. Littafin harhaɗawa a nan wani ɓangare ne na na'urar kanta.

Interface A na LEGO akwati ne mai aiki da bolt 4.5, mai kafofin fitar da wuta shida, daga 0 zuwa 5, da na karɓar saƙo biyu, wato 6 da 7. Jimillarsu takwas, daidai da layuka takwas na kafar da BBC Micro ta ware wa mai amfani, wadda ake aika mata umarni ta adireshin FE60, a tsara wane layi ne na shiga wane ne na fita ta FE62. Wanda ya san wannan zai iya kunna injin da aka jona wa akwatin da 'yan layukan umarni, har ya haɗa akwatin da na'urar zamani. Wanda bai sani ba, robar banza ce a hannunsa. Daga wannan zuri'a LEGO Mindstorms ya fito a 1998.

5.0 Sakamakon Bincike

Na farko, kowane ɓangare da irin ciwonsa. Batiran caji na zubar da ruwa su ci allon lantarki, roba na tsagewa, kaset da faifan inci 5.25 na rasa maganaɗisunsu, wasu kayan da ke cikin akwatin wutar BBC Micro kuwa sun yi ƙaurin suna wajen fashewa da hayaƙi idan an kunna ta bayan dogon zama.

Na biyu, manhajar kwaikwayo irin su BeebEm ta iya mayar da kwamfutar yau ta zama BBC Micro, amma ba ta iya jan alƙalami a kan takarda. Darasin BBC Domesday ya isa ishara: an kammala shi a 1986 a kan faifan leza don cikar littafin Domesday shekara 900, amma kafin 2002 na'urorin karanta shi sun kusa ƙarewa, sai da aikin CAMiLEON na jami'o'in Leeds da Michigan ya ceto shi, alhali littafin Domesday na 1086 yana nan ana karantawa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na uku, takardun kashi uku ne: na fasaha, na manhaja, da na koyarwa. Masu gyara na farautar kashi biyun farko domin da su ake tayar da na'ura. Kashi na ukun, wato katunan aiki da jagoran malami da zanen da yara suka yi, shi makarantu suka ɗauka kayan yau da gobe, suka zubar da shi tun ranar da aka fitar da tsofaffin kwamfutoci daga aji.

6.0 Kammalawa

Maƙalar na ba da shawarar cewa cibiyoyi irin su National Museum of Computing da ke Bletchley Park da Centre for Computing History da ke Kambirij su riƙa ɗaukar na'ura da wayarta da faifanta da takardunta a matsayin abu guda a rajista. A ɗauki hoton kowane shafi, har da rubutun da malami ya yi a gefe, a kwafe faifai tun suna karantuwa, a ajiye kwafin a rumbu fiye da ɗaya, ciki har da Internet Archive. A kuma naɗi bayanin malaman da suka koyar da waɗannan na'urori tun suna raye, domin su ne suka san abin da ake ce wa yaro a lokacin da alwatikarsa ta ƙi rufewa.