Brighton: Garin Masuntan da Ya Koma Sayar da Ruwan Teku

Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo a Kano ko Damagaram ya san sunan Brighton, musamman tun 2017 da ƙungiyar garin ta hau gasar Firimiya ta fara hana manya barci. Abin da talabijin ba ta nunawa shi ne garin kansa, wanda ke gaɓar kudancin Ingila, tafiyar awa guda daga Landan a jirgin ƙasa, kuma kasuwar baƙinsa na rataye da wata uku ko huɗu na bazara. Gaɓar tasa ba ta da yashi. Tsakuwa ce mulmulalliya mai sa baƙo ɗingishi, ruwan kuma ko a watan Agusta da ƙyar ɗuminsa ke wuce digiri 18. Duk da haka, an fi shekara 250 mutanen Landan na tururuwa zuwa wurin.

Asalinsa ƙauyen masunta ne. A kundin ƙidayar dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086, an rubuta cewa ƙauyen na biyan harajin kifi 4,000. A 1514 Faransawa suka sauka da jirage suka cinna masa wuta, aka sake gini. Zuwa tsakiyar ƙarni na 17 ya zama ɗaya daga cikin manyan garuruwan yankin Sussex, jiragensa na tafiya kamun kifi har Tekun Arewa. Daga nan sai tekun da ke ciyar da shi ya fara cinye shi. Guguwar 1703 ta kwashe rufin gidaje, ta 1705 kuma ta binne unguwar masunta da ke ƙarƙashin gangare da tsakuwa. Kasuwar kifi ta faɗi, mutane suka watse, yawan jama'ar ya ragu zuwa wajen 2,000.

Wanda ya ceto garin likita ne, ba masunci ba. Richard Russell, mutumin Lewes da ke nan kusa, ya wallafa littafi da Latinanci a 1750 yana cewa ruwan teku maganin cututtukan kaluluwa ne. Ba wanka kaɗai yake rubuta wa marasa lafiya ba, har da sha. Masu kuɗin Ingila, waɗanda da ma sun saba zuwa maɓuɓɓugan Bath da Tunbridge Wells neman lafiya da gulma, suka karɓi maganar hannu biyu. Da majinyata suka yi masa yawa, sai Russell ya gina babban gida a bakin tekun Brighton a 1753, ya ci gaba da karɓar su har ya rasu a 1759. Ko ruwan gishirin ya warkar da kowa, wannan magana ce ta daban. Abin da ba a musu a kai shi ne ya warkar da aljihun garin.

Nan sabuwar sana'a ta ɓullo. A wancan zamani mutumin kirki ba ya tuɓewa a gaban jama'a, don haka aka ƙera ɗan ɗaki na katako a kan ƙafafun amalanke. Baƙo ya shiga ya sauya kaya, doki ya ja ɗakin zuwa cikin ruwa, a bakin ƙofa kuma akwai mai jiransa, wanda zai cafke shi ya dulmuya shi sau biyu ko uku ya ɗago, ko yana so ko ba ya so. Mata ke tsoma mata, maza na tsoma maza, kuma yawancinsu daga gidajen masunta suka fito, mutanen da suka san halin igiyar ruwa tun suna goye. Wadda ta fi shahara ita ce Martha Gunn, da aka haifa a 1726, ta shafe shekaru gommai tana tsaye cikin ruwan sanyi har ƙugu. Ta rasu a 1815, kabarinta na harabar cocin St Nicholas, kuma har yau ana samun butocin tangaran da aka ƙera da siffarta.

A 1783 baƙon da ya sauya komai ya iso: George, Yarima mai jiran gado, ɗan shekara 21, ya zo wurin baffansa. Likitoci sun ce ruwan zai yi masa amfani, amma abin da ya fi jan hankalinsa shi ne nisan garin daga idon mahaifinsa. Akwai sukuwar dawaki, akwai caca, akwai kuma Maria Fitzherbert, bazawarar da ya aura a ɓoye a 1785 ba da yardar sarki ba. Ya kama wani gidan gona, magini Henry Holland ya faɗaɗa masa shi a 1787, sannan daga 1815 John Nash ya shafe wajen shekara bakwai yana mayar da shi abin da ake kira Royal Pavilion. Daga waje ƙubbobi ne da hasumiyoyi irin na sarakunan Mughal na Indiya, har baƙo kan ɗauka masallaci ne. Daga ciki adon ƙasar Sin ne, da zanen dodanni ko'ina, da wata fitilar ɗakin cin abinci mai nauyin tan guda. George bai taɓa taka Indiya ko Sin ba. A wata liyafa da ya shirya wa ƙanin sarkin Rasha a Janairun 1817, kukunsa Bafaranshe, Antonin Carême, ya jera abinci sama da kala 100.

Inda sarki ya sauka, nan fadawa ke shimfiɗa. Aka jera dogayen gidaje farare masu kallon teku, filin Steine kuma, inda masunta ke shanya tarunsu tun kaka da kakanni, aka kewaye shi aka mayar da shi wurin yawon masu hannu da shuni. Masuntan sun yi ta ƙorafi, amma ƙarshenta su aka matsar.

Ainihin mutumin Indiya a wannan labari ya zo ne da ƙafarsa. Sake Dean Mahomed, haifaffen Patna a 1759, ya yi aikin soja da Kamfanin Gabashin Indiya, ya zauna a Ireland, inda a 1794 ya fitar da littafin tafiye-tafiyensa, na farko da wani Ba'indiye ya wallafa da Ingilishi. Gidan abincin Indiya da ya buɗe a Landan a 1810 ya karye. Sai ya kwaso iyalinsa ya zo Brighton a 1814 da wata hajar: sirace da ganyaye, a biyo da tausa da mai. Masu sanyin ƙashi suka yi ta layi, har aka naɗa shi mai yi wa George tausa, wanda ya zama Sarki George na Huɗu, daga baya kuma William na Huɗu. Ya rasu a garin a 1851.

Duk wannan harka ta masu kuɗi ce, don tafiya daga Landan a keken doki kan ci awa biyar zuwa shida, da kuɗi mai tsoka. Ranar 21 ga Satumba 1841 aka buɗe layin dogo, tafiyar ta dawo wajen awa biyu. Akawu da tela da yarinyar gida suka samu damar zuwa da safe su koma da dare. Garin da ke da mutum 7,000 da 'yan kai a 1801 ya haura 65,000 a 1851. Sarauniya Victoria ba ta ji daɗin wannan ba. Jama'a na bin ta a titi suna leƙen fuskarta, fadar kuma ta yi wa 'ya'yanta kaɗan. Bayan 1845 ba ta sake zuwa ba. Ta kwashe kayan ɗaki ta koma tsibirin Wight, a 1850 kuma hukumar garin ta sayi fadar kan fam 53,000. Manya suka koma zuwa a lokacin kaka, suka bar wa talakawa bazara.

Talakan da ya zo yini guda ba magani yake nema ba, nishaɗi yake so, garin kuwa bai yi nauyin ƙafa ba. Aka miƙa gadojin shan iska cikin teku, inda mutum zai yi yawo a kan ruwa ba tare da ya jiƙe ba: West Pier a 1866, Palace Pier mai tsawon sama da rabin kilomita a 1899. Aka buɗe gidan kallon kifaye a 1872, wanda har yau yana aiki. Dokar ranakun hutu ta 1871 ta ƙara cika jiragen ƙasa. A 1883 Magnus Volk, ɗan wani Bajamushe mai gyaran agogo, ya shimfiɗa ɗan layin dogo mai aiki da lantarki a bakin gaɓa, kuma shi ne mafi tsufa irinsa da ke ɗaukar fasinja a duniya yanzu.

Volk bai tsaya nan ba. A 1896 ya shimfiɗa dogo a ƙarƙashin ruwa zuwa ƙauyen Rottingdean, ya ɗora masa tarago mai ƙafafu huɗu, kowace tsawon mita bakwai, yana ratsa teku da fasinjoji a sama. Da yake cikin teku yake tafiya, doka ta ce dole a sa masa kyaftin na jirgin ruwa da kwale-kwalen ceto. Mako guda da buɗewa guguwa ta kayar da shi. Aka gyara, ya yi ta jan ciki idan ruwa ya cika, har aka haƙura da shi a 1901.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo wa fadar George baƙin da bai taɓa zato ba. Daga Disambar 1914 zuwa farkon 1916 ta zama asibitin sojojin Indiya da suka ji rauni a Faransa. An tanadi ɗakunan girki tara saboda bambancin addini da abinci, aka ware wurin yanka, aka raba famfon ruwa, Musulmi kuma suna salla a filin gabashin fadar. Hukuma ta yi amfani da hotunan asibitin wajen farfaganda a Indiya, don a ga yadda Ingila ke tarairayar sojojinta. Musulmin da suka rasu an kai su Woking, inda masallacin Shah Jahan yake. 'Yan Hindu da Sikh 53 an ƙone gawarwakinsu a kan tudun bayan gari, wurin da aka gina musu abin tunawa mai suna Chattri a 1921. A yaƙi na biyu kuwa bazarar ce ta mutu baki ɗaya: aka rufe gaɓar a 1940, aka dasa nakiyoyi da waya mai ƙaya, aka yanke tsakiyar gadojin don kada Jamusawa su sauka a kansu.

Bayan yaƙi cunkoson ya dawo, da rigimarsa. A hutun watan Mayun 1964 gungun matasa biyu, masu hawa Vespa da masu manyan babura, suka kwashi 'yan kallo a bakin teku suna jifan juna da kujerun haya, jaridu suka cika da cewa tarbiyya ta ƙare. Amma abin da ya fi cutar da garin bai yi ƙara ba: jirgin sama mai araha. Ma'aikacin Ingila ya gano cewa da kuɗin mako guda a otal ɗin gaɓarsu zai iya zuwa Sifaniya, inda rana ba ta saɓa alkawari. An rufe West Pier a 1975, gobara biyu suka ƙarasa ta a 2003. Garuruwan bakin teku da dama ba su sake tashi ba. Brighton ta tsira ne saboda kusancinta da Landan, da Jami'ar Sussex da aka kafa a 1961, da makarantun koyon Ingilishi, da tarukan jam'iyyu. A lokacin irin wannan taro ne ƙungiyar IRA ta Ireland ta tayar da bam a otal ɗin Grand ranar 12 ga Oktoba 1984, mutum biyar suka mutu, Firaminista Margaret Thatcher ta tsallake rijiya da baya.

Yau, duk Asabar ɗin da aka ce zafi zai kai digiri 25, yanayin da Bakano zai kira sanyin safiya, jiragen tashar Victoria ta Landan kan cika maƙil. Jama'a na fitowa daga tashar Brighton su gangara Queen's Road kai tsaye zuwa teku, da tawul da jakar abinci. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, don haka yinin na da tsawo. Ana hayar kujerar zane, ana shan askirim, ana tauna doguwar alewar da sunan garin ke rubuce a cikinta daga farko har ƙarshe. Masu ceto na zaune tsakanin tutoci masu ja da rawaya, nan ne ake so a yi iyo. Mai riƙe da soyayyen kifi da dankali kuwa sai ya sa ido sama, don tsuntsayen tekun da ƙungiyar ƙwallon ta ɗauki laƙabinta daga gare su ƙwararrun 'yan fizge ne. Masunta 'yan kaɗan ne suka rage. A ƙarƙashin titin gaɓa akwai rumfunan bandar kifi da ƙaramin gidan tarihin sana'ar.

Garin bai daina caca da bazara ba. A 2016 aka buɗe i360 daidai bakin tsohuwar West Pier, hasumiya mai tsawon mita 162 da ke ɗaga 'yan kallo sama cikin ɗakin gilashi. Hukumar garin ta ciyo bashin sama da fam miliyan 36 ta ba kamfanin, da lissafin cewa kuɗin tikiti zai biya. Baƙi ba su zo yadda aka ƙiyasta ba. A Disambar 2024 aka rufe ta da bashin da ya kai wajen fam miliyan 51 a kanta, wani kamfanin kuma ya karɓa ya sake buɗewa a watan Maris na 2025, ya bar wa masu biyan harajin garin bashin.