Ɗan kamashon da ba ya zuwa tasha

A hutun daminar da ta wuce wani tsohon ɗalibina ya zo gaishe ni. Na koyar da shi a aji shida, yau fiye da shekara goma sha biyar. Yaro ne mai kan lissafi, amma karatun bai yi nisa ba, ya bi ƴan garinsu zuwa Abijan. Da muka zauna a zaure na tambaye shi sana'a, sai ya ciro salula daga aljihu ya ce, "Mushe, ga tashata, ga ɗan kamashona, duk suna nan ciki." Tuƙi yake yi da ɗaya daga cikin manhajojin nan da fasinja ke kiran mota da su. Ya nuna mini taswira, ƙananan motoci na yawo a kanta kamar tururuwa. Ya ce ba ya bin layi, ba mai yi masa tsawa, ranar da ya ga dama ya fita, ranar da ya ga dama ya kwanta.

Na ce, "To wa ke yanke kuɗin tafiya?" Ya yi ɗan murmushi, ya ɗaga salular.

Tun daga ranar nake bin tarihin wannan sana'a. Abin da na lura da shi, taksi bai taɓa zama mota da direba kawai ba. Kullum akwai na uku, wanda ke riƙe da ƙofa, shi ke cewa wane zai ɗauki fasinja, wane ba zai ɗauka ba, kuma nawa za a biya. A tashoshinmu mun san shi da fuskarsa: ɗan kamasho da littafinsa, shugaban sandika, ma'aikacin magajin gari mai ba da lamba. Inda labarin mai riƙe ƙofar nan ya fi fitowa fili shi ne birnin New York na Amurka, don haka can zan fi daɗewa.

A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, duk wanda ya rasa aiki sai ya faɗa tuƙin taksi. Motoci suka fi fasinjoji yawa, direbobi na karya wa juna farashi, mutum ya wuni ya kwana a kan hanya bai samu na cefane ba. A 1934 suka yi yajin aikin da ya rikiɗe ya zama tarzoma. A 1937 magajin garin, Fiorello La Guardia, ya sa hannu a kan dokar da ta ƙayyade yawan taksi. Kowace mota sai an manna mata wata lambar ƙarfe a kan murfin inji, kuma ba za a riƙa ƙara lambobin yadda aka ga dama ba. Kuɗin lambar a lokacin dala 10 ne. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

Dokar ta yi wa direbobi rana da farko. Sai dai an yarda mai lamba ya sayar da ita ga wani, kuma gari na ƙara cika, lambobi na nan yadda suke. Shekara da shekaru adadinsu bai wuce 11,787 ba, daga baya aka ƙara ya kai 13,587. Duk malamin lissafi ya san inda wannan zai kai. A 2011 aka sayar da lamba guda a kan dala miliyon 1, a 2014 ta zarce haka. A canjin wancan lokaci, wajen miliyon 500 ke nan na sefa, a kan guntun ƙarfen da bai fi tafin hannu ba. Masu saye da yawa baƙi ne, ƴan Bangaladash, Pakistan, Indiya, Haiti, da ƴan Afirka ta Yamma. Suna kallon lambar kamar yadda manomi ke kallon gona: ka ci a cikinta, ka jinginar da ita ka sayi gida, in ka tsufa ka ba da ita haya, in ka mutu ƴaƴa su gada. Kusan duka da bashi suka saya.

Ana cikin haka, a 2009, Travis Kalanick da Garrett Camp suka kafa Uber a birnin San Francisco. Ya shiga New York a 2011. Dabararsu ba ta da wuyar fahimta. Doka ta ce mai lambar ƙarfe ne kaɗai zai ɗauki wanda ya tsaya bakin titi ya ɗaga hannu, amma wanda ya kira mota tun daga gida, wannan wani babi ne daban. Salula ta sa kiran ya zama na minti uku ko huɗu, ya zama daidai da ɗaga hannu. Ba su fasa ƙofar ba, katangar suka zagaye. Zuwa 2018 motocin manhaja a birnin sun kai wajen 80,000, lambar ƙarfe kuwa ta faɗi ƙasa da dala 200,000. Bashin da aka ci don sayenta bai ragu da ko sisi ba.

A Fabrairun 2018 wani direba mai shekara 61 ya harbe kansa a ƙofar ma'aikatar magajin gari, bayan ya rubuta a Facebook cewa yana aiki fiye da awa 100 a mako kuma abin ba ya riƙe shi. Cikin kamar shekara guda direbobi takwas suka kashe kansu. Na daɗe ina juya wannan a raina. Mu nan in an ce wane yana tuƙi a Amurka, gani muke ya haye.

Sai dai ɗora wa manhaja laifin duka rashin adalci ne. A 2019 jaridar New York Times ta fitar da dogon bincike na ɗan jarida Brian Rosenthal, wanda ya nuna cewa tun kafin Uber ya yi ƙarfi, dillalai da masu ba da rance ne suka hura farashin lambar, suna sa baƙin da ba su iya Ingilishi sosai ba suna sa hannu a kan takardun da ba su fahimta ba. Ita kanta hukumar birnin ta yi gwanjon sababbin lambobi a wannan farashi, ta cika baitulmalinta. Ginin dama gara ta cinye shi, manhaja iska ce da ta zo ta ture.

Kuma fasinjoji ba don wauta suka gudu ba. Taksi mai ruwan ɗorawa ya fi son tsakiyar gari, unguwannin talakawa sai ka yi ta jira. Baƙar fata sun sha ɗaga hannu mota ta wuce su, har ɗan wasan fim Danny Glover ya kai ƙara a kan haka a 1999. Wanda ya taɓa tsayawa da rana tsaka a Yamai, taksi mai jan kai ya rage gudu, ka faɗi unguwarka, direba ya taka mota ko kallonka bai yi ba, zai gane daɗin a ce mota ta zo har ƙofar gida, ka san sunan direba, ka san abin da za ka biya kafin ka shiga. Ga mace mai dawowa daga asibiti da dare, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙarshen rikicin New York ya zo a hankali. A Agustan 2018 majalisar birnin ta tsayar da ba da sababbin lasisi ga motocin manhaja, ta kuma kafa mafi ƙarancin abin da za a biya direbansu. Wato an koma ga dabarar 1937, ƙayyade yawa. A kakar 2021 ƙungiyar direbobin taksi ƙarƙashin Bhairavi Desai ta yi yajin cin abinci na kwana 15 a gaban ma'aikatar magajin gari, har aka yarda a rage bashin direbobi da yawa zuwa dala 170,000. Cikin waɗanda suka ƙi cin abinci tare da su akwai wani matashin ɗan majalisa haifaffen Uganda, Zohran Mamdani, wanda aka zaɓa magajin garin a 2025. A Maris na 2022 kuma Uber ya amince ya sa taksi masu ruwan ɗorawa a cikin manhajarsa. Waɗanda suka yi shekara goma suna yaƙar sabon ɗan kamasho, yau shi ke turo musu fasinja.

A Turai kotuna ne suka fi magana. Bayan direbobin taksi na Faransa sun tare hanyoyi sun ƙona tayoyi a Yunin 2015, an dakatar da UberPop. A Maris na 2020 babbar kotun Faransa ta ce dangantakar wani direba da Uber ta ma'aikaci da uban gidansa ce, a Fabrairun 2021 kotun ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci mai kama da wannan. Hujjar alƙalan ita ce tambayar da na yi wa ɗalibina a zaure: in wani ne ke yanke farashi, shi ke auna aikinka, shi kuma ke iya korarka, ina cin gashin kan?

A Afirka babu lambar miliyon da za ta faɗi, don haka labarin ya ɗauki wata hanya. Uber ya fara a Johannesburg a 2013, Legas a 2014, Nairobi a 2015, Akara da Abuja a 2016. Taxify na ƙasar Estoniya, wanda ya koma Bolt a 2019, ya bi sawu. Yango, wanda ya fito daga kamfanin Yandex na Rasha, ya sauka Abijan a 2018, a shekarar kuma Gozem ya fara da babura a Lome. Da farko kowa murna yake. Fasinja na biyan kaɗan, direba na samun garaɓasa. Ba kowa ya tambayi daga ina kuɗin ke fitowa ba. Daga aljihun masu zuba jari suke: a 2019 kaɗai Uber ya yi asarar dala biliyan 8.5, bai kuma rufe shekara da ribar aikinsa ba sai 2023. Mai kamun kifi ma sai ya fara zuba tsaki a ruwa.

Da aka saba, sai lissafi ya canza. A 2017 Uber ya rage farashi a Legas da kashi 40 cikin 100 dare ɗaya, alhali yana karɓar kamashon kashi 25. A Abijan masu taksin kwantar, masu biyan haraji da lasisi, suka yi yajin aiki a ƙarshen 2021, gwamnati ta fito da dokar tsara motocin manhaja. A Nijeriya, da Bola Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita ya ninka kusan sau uku cikin kwanaki, direbobin manhaja suka ajiye aiki a watan Yuni suna neman a ƙara kuɗin tafiya a rage kamasho. Direban tasha in mai ya hau, sandika ta zauna ta ƙara kuɗi, fasinja ya yi ƙorafi ya biya. Direban manhaja sai ya jira wani ofis da bai san inda yake ba. Mota tasa ce ko ta haya, mai nasa, taya nasa, hatsari nasa.

Akwai manhaja ɗaya da ta ba ni dariya, inDrive. Ta samo asali daga Yakutsk a Saberiya, inda a sanyin 2012 masu taksi suka ninka kuɗi, mutanen gari suka buɗe zaure a intanet, fasinja ya faɗi abin da zai biya, direban da ya yarda ya zo. Wato ciniki. Abin da kowace tsohuwa ke yi da ɗan kabu-kabu a bakin kasuwar Maraɗi, shi aka zuba cikin salula aka kai ƙasashe da dama a matsayin sabon abu.

A garuruwanmu har yanzu tsohon tsari ne ke ci. Taksin Yamai na haɗa mutum huɗu a tafiya guda, ya yi shekaru da yawa a kan dala arba'in, kuma da wuya motar da ke ɗaukar mutum ɗaya ta yi gogayya da wannan. A Maraɗi da Damagaram da Tawa kabu-kabu da adaidaita ne sarakan hanya. Amma kusan kowane ɗan kabu-kabu yana da salula, yana da kwastomomin da ke kiransa kai tsaye, malama mai zuwa makaranta, ɗan kasuwa mai aiken kaya. Rabin aikin manhaja ke nan, ba tare da kamasho ba. Ni ba na cikin masu yi wa tsohon ɗan kamasho kirari, na ga yadda yake fifita nasa a layi, na ga kuɗin da ba ya shiga littafi. Amma in ya zalunce ka ka san gidansu, ka san limamin unguwarsu, ka san dattijon da zai kira shi ya yi masa faɗa.

Wata biyu bayan komawarsa, ɗalibin nawa ya turo mini saƙon murya. Wani fasinja ya yi ƙararsa, an rufe masa manhaja kwana uku. Ya rubuta ya rubuta, amsa iri ɗaya ke dawowa, babu mutumin da zai zauna ya ji ta bakinsa, mai mota kuma na jiran kuɗinsa na kowace yamma. Yanzu salula biyu gare shi, kowace da kamfaninta. Amma ba wannan ya sa ya kira ba. An yi masa tayin mota sabuwa bashi, a riƙa cirewa daga abin da ya samu har shekara uku, yana son in ba shi shawara.

Na ba shi labarin lambar ƙarfe daga farko har ƙarshe. Ya ce, "Mushe, ai wannan mota ce, ba guntun ƙarfe ba." Na ce gaskiyarsa. Na ce ya sayi ƙaramin littafi, wata guda cur ya rubuta abin da ya shigo kowace rana, da na mai, da na kamasho, da na makanike, da awowin da ya yi a kan sitiyari, ya turo mini mu raba mu gani kamar yadda muke yi a allo. Ya turo na mako biyu, sauran ina jira.