Cizon Farce: Abin Da Ke Jawo Shi Da Yadda Ake Rabuwa Da Shi

Cizon farce ɗabi'a ce da mutum kan riƙa kai yatsunsa baki yana gutsurar farcensa da haƙora, wani lokaci har da fatar da ke gefen farcen. Likitoci na kiran ta onikofajiya, kalmar da aka samo daga harshen Girkanci mai ma'anar cin farce. Ƙiyasin da aka fi ambata a littattafan likitanci shi ne, tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na jama'a suna da wannan ɗabi'a, kuma adadin ya fi yawa a tsakanin matasa 'yan makaranta.

Ba kasafai ake ganin ta ga yaron da bai kai shekara 3 ko 4 ba. Takan fara ne a ƙuruciya, ta yi ƙarfi a lokacin balaga, sannan ta ragu yayin da mutum ke manyanta. Sai dai akwai waɗanda take bi har cikin girmansu, inda za ka ga magidanci ko ma'aikaciyar ofis tana ɓoye hannu a cikin mayafi don kada a ga yadda yatsunta suka koma. A Hausa idan an ce wani ya yi cizon yatsa, nadama ake nufi. Mai cizon farce kuwa yakan haɗa biyun, domin da zarar ya ankara da abin da ya yi wa hannunsa, nadamar ce ke biyo baya.

Me ke jawo shi?

An daɗe ana ɗauka cewa fargaba ce kawai ke sa mutum cizon farce. Gaskiya ne damuwa na daga cikin dalilai, shi ya sa ɗabi'ar kan ƙaru a lokacin jarabawa ko jiran wani sakamako. Amma wani bincike da aka buga a shekarar 2015, wanda Kieron O'Connor da abokan aikinsa na Jami'ar Montreal da ke Kanada suka gudanar, ya nuna cewa zaman banza da takaici da ƙosawa su ma suna tayar da sha'awar yin ta ƙwarai. Masu binciken sun lura cewa da yawa daga cikin masu irin waɗannan ɗabi'u mutane ne da ba sa iya zama shiru, masu son komai ya tafi daidai, kuma idan abu ya ƙi tafiya yadda suke so sai hannu ya nufi baki.

Akwai kuma gado da kwaikwayo. Yaron da ya tashi yana ganin mahaifinsa ko yayarsa na yi ya fi saurin ɗauka. Wani lokacin kuma dalilin ƙarami ne: gefen farce ya tsage, ko fata ta bushe ta ɗago, kamar yadda ake yawan samu a lokacin hunturu, sai mutum ya sa haƙori don ya daidaita wurin. Haƙori ba ya yanka daidai, don haka yakan bar wani sabon kaushin da zai sake jan hankali, a haka abin ya zarce.

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta shi ne, mafi yawan cizon ana yin sa ne ba tare da sani ba. Mutum na karatu, ko kallon ƙwallo, ko duba waya, ko yana zaune a cikin cunkoson motoci, sai dai kawai ya ji zafi ko ɗanɗanon jini. Wannan ne ya sa alƙawarin "daga yau na daina" ba ya zuwa ko'ina. Mai alƙawarin na yin sa ne da hankalinsa, hannun kuma yana aikinsa ne a lokacin da hankalin ya tafi wani wuri.

Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda aka fi sani da DSM-5 kuma aka fitar a shekarar 2013, ya sanya cizon farce mai tsanani a rukuni ɗaya da tsigar gashi da tsagar fata, wato ɗabi'un da mutum ke maimaitawa a kan jikinsa. Hakan ba ya nufin duk mai cizon farce yana da taɓin hankali. Ana ɗaukar sa a matsayin lalura ne kawai idan yana jawo rauni, mutum ya yi ta ƙoƙarin dainawa ya kasa, kuma abin yana damun rayuwarsa.

Illar da yake yi

Ƙarƙashin farce maɓoya ce ta datti da ƙwayoyin cuta, kuma wankin hannu na gaggawa ba ya kaiwa can. Duk abin da hannu ya taɓa a yini, daga kuɗi zuwa ƙofar ban ɗaki, yana iya barin saura a wurin, mai cizon farce kuma yana kai shi baki kai tsaye. Wani bincike da aka yi a Turkiyya aka buga a shekarar 2007 ya sami ƙwayoyin cutar hanji a yawun kashi 76 cikin 100 na masu cizon farce, alhali a cikin waɗanda ba sa yi kusan kashi 26 ne kawai. A ƙasa irin Nijeriya, inda kwalara da taifod ke ɓulla musamman da damina, kuma dukansu ta hanyar abin da ya shiga baki ake kamuwa da su, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Ga yara akwai batun tsutsar ciki. Wata ƙaramar farar tsutsa takan fito da dare ta saka ƙwai a bakin dubura, wurin ya yi ƙaiƙayi, yaro ya sosa, ƙwan ya maƙale a ƙarƙashin farce. Idan ya ciji farcen da safe ya sake haɗiye ƙwan. Shi ya sa ake iya ba yaro maganin tsutsa ta mutu, bayan 'yan makonni ta dawo.

Cutar tana bin ɗaya hanyar ma, wato daga baki zuwa yatsa. Idan haƙori ya fasa fatar gefen farce, ƙwayoyin cuta kan shiga, wurin ya kumbura ya yi ja, ya tara mugunya, yana zugi har ya hana barci. Idan aka yi sakaci yakan zarce ya zama karkare, wanda sai an tsaga a asibiti. Masu ciwon sukari sun fi kowa shiga haɗari a nan, domin rauninsu ba ya saurin warkewa.

Haƙora ma ba su tsira ba. Farce an yi shi ne da wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, kuma yawan gurza shi da haƙoran gaba na sa bakinsu ya cinye ko ya ɓantare. Gutsuren farce kan soki dasashi, sannan wasu kan yi fama da ciwon muƙamuƙi saboda yadda suke turo haɓa gaba a lokacin cizon.

Wasu kan kafa hujja da wani bincike da aka buga a shekarar 2016, wanda ya bi rayuwar yara kimanin 1,000 da aka haifa a garin Dunedin na ƙasar New Zealand tsakanin 1972 da 1973. Binciken ya gano cewa waɗanda suka yi tsotson yatsa ko cizon farce a ƙuruciya ba su cika nuna alamun borin jini ba a gwajin fata. Sai dai su kansu masu binciken ba su ba da shawarar a ƙarfafa wa yara ɗabi'ar ba, kuma irin cututtukan da yaro ke ɗauka a hannu a New Zealand ba ɗaya suke da na unguwar da ba ta da ruwan famfo ba.

Hanyar rabuwa da shi

Dabarar da ta fi samun goyon bayan bincike ita ce wadda masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka, Nathan Azrin da Gregory Nunn, suka fitar a shekarar 1973, wadda za a iya kira juya ɗabi'a. Matakinta na farko ba dainawa ba ne, lura ce. Mutum zai ɗauki kamar mako guda yana rubuta duk lokacin da ya sami yatsansa a baki: ƙarfe nawa ne, a ina yake, me yake yi, yaya yake ji. A ƙarshen makon yawanci zai ga cewa abin ba ko'ina yake faruwa ba, yana da wurare biyu ko uku da ya fi so. Zai kuma gane alamun da ke zuwa kafin cizon, kamar shafa gefen farce da babban yatsa ana neman kaushi, ko ɗora gwiwar hannu a kan tebur da tagumi.

Mataki na biyu shi ne ba hannun wani aiki da ba zai yiwu a haɗa shi da cizo ba. Da zarar mutum ya ji alamar, sai ya dunƙule hannunsa, ko ya riƙe biro, ko ya damƙe hannun kujera, ya tsaya a haka na minti ɗaya zuwa uku har sha'awar ta lafa. Takan lafa ɗin kuwa, domin kamar atishawa take, tana tasowa ta wuce. Mai riƙe carbi yana da abin da zai shagaltar da yatsunsa a aljihu tun tuni. Wanda kuma bakinsa ne ke neman abin taunawa, asuwaki ko cingam na iya tare masa.

A shekarar 2023 masu bincike a birnin Hamburg na Jamus, ƙarƙashin jagorancin Steffen Moritz, sun gwada wata hanya mai sauƙi a kan mutane 268 masu irin waɗannan ɗabi'u. An koya musu su riƙa shafa kan yatsunsu ko tafin hannu ko damtse a hankali, aƙalla sau biyu a rana da kuma duk lokacin da sha'awar ta taso. Bayan mako shida, fiye da rabinsu sun ce sun sami sauƙi, idan aka kwatanta da kashi 20 cikin 100 na waɗanda ba a koya wa ba.

Mataki na uku shi ne samun mai tunatarwa, miji ko mata ko aboki, wanda aka yi yarjejeniya da shi cewa zai yi wata 'yar alama idan ya ga hannu ya nufi baki. Alama ce kawai ake buƙata, ba faɗa ba.

Bayan waɗannan akwai gyaran farcen kansa. A riƙa yanke shi gajere a kai a kai, a goge bakinsa ya yi sumul, don haƙori ya rasa abin kamawa. A shafa man kaɗanya ko basilin a gefensa, musamman da hunturu. Ga Musulmi, yanke farce na daga cikin tsabtar da addini ya koyar, kuma an ƙayyade kada a bar shi ya wuce kwana 40. Mai yaƙi da cizon farce kuwa ya fi dacewa ya mayar da shi aikin kowane mako. A nan ya kamata a yi hattara da masu yankan farce da ke zagayawa kasuwanni da tashoshin mota. Almakashin da ya yanki mutum goma ba a tsabtace shi ba na iya ɗauko cutar hanta nau'in B, ballantana a yatsan da ke da rauni. Abin yankan farce na kanka ba shi da tsada.

A kantunan magani ana sayar da wani ruwa mai ɗaci da ake shafawa a farce. Yawancinsa na ɗauke da sinadarin denatoniyam, wanda aka gano a birnin Edinburgh a shekarar 1958 kuma ake ɗauka shi ne abu mafi ɗaci da aka sani. Iyaye a gida sun daɗe suna yin makamancin haka da ruwan ganyen darbejiya ko maɗaci. Amfanin ɗacin shi ne farkar da mutum a daidai lokacin da ya kai hannu baki, amma shi kaɗai ba ya cire ɗabi'ar, kuma wasu kan saba da shi. Barkono kuwa bai dace ba sam, domin yaro zai murza ido da wannan hannun. Filasta a yatsun da aka fi cizo na yin aiki iri ɗaya. Mata da yawa kan ga cewa idan suka yi lalle suna jin nauyin ɓata shi. Wasu masana kuma na ba da shawarar a fara da kare yatsa ɗaya, a bar shi ya yi kyau, sannan a ƙara na biyu.

Game da yara, duka da tsawa da kunyatarwa a gaban baƙi ba sa magani. Suna ƙara wa yaro damuwar da ke tura shi ga cizon, sannan su koya masa yin sa a ɓoye. Abin da ya fi amfani shi ne a nuna masa lokacin da yake yi cikin taushin murya, a ba shi abin riƙewa, a yabe shi a ranar da aka sami farcen da za a yanke. Idan yaron da ba ya yi ya fara kwatsam, yana da kyau a bincika ko wani abu ya sauya a makaranta ko a gida.

Ya kamata a je asibiti idan yatsa ya kumbura ko ya tara mugunya, ko ana cizon har jini na fita a kai a kai, ko ɗabi'ar ta haɗu da tsigar gashi, rashin barci da fargaba mai yawa. Asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin na Kaduna da Maiduguri da Kware da Yaba da Aro, suna da masana halayyar ɗan Adam.

Farcen hannu na tsiro da kimanin milimita 3 a wata, don haka wanda ya daina zai fara ganin farin baki a farcensa cikin mako biyu zuwa uku, amma sabunta farce gaba ɗaya kan ɗauki kusan wata 6. A watannin farko sabon farcen kan zo da laushi da rashin daidaito, yana saurin tsagewa, kuma a nan ne da yawa ke komawa ruwa. Muddin tushen farcen da ke ƙarƙashin fata bai lalace ba, yakan koma kamanninsa na asali ko da an shekara 20 ana cizonsa.