Yadda karo-karon 'yan gem ya tashi RPG daga kabari

1/ Jama'a ku matso, yau tarihin gem zan ba ku. Labarin yadda masoya suka yi karo-karo suka dawo da wasan da manyan kamfanoni suka riga suka yi wa jana'iza. Zare 🧵

2/ A ƙarshen shekarun 1990, RPG na kwamfuta ne ke tashe: Fallout a 1997, Baldur's Gate a 1998, Planescape: Torment a 1999. Kana hango tawagarka daga sama, ka karanta doguwar hira, abin da ka zaɓa kuma shi zai juya labarin.

3/ Sai PlayStation 2 da Xbox suka cinye kasuwa. Masu zuba jari suka koma kan harbe-harbe da hoto mai ƙyalli. A 2003 Interplay ta rufe Black Isle, reshenta da ya yi Torment. Brian Fargo, wanda ya kafa Interplay, ya yi ta yawo da shirin Wasteland 2, kowa na ce masa babu masu saye.

4/ Fabrairun 2012 lissafi ya canza. Tim Schafer ya nemi dala 400,000 a Kickstarter don wani gem irin na da, aka tara masa sama da miliyan 3. Nasa ba RPG ba ne, amma Fargo ya ga hanya.

5/ A watan Maris ya nemi dala 900,000, ya samu kusan miliyan 3. Ku lura fa, Wasteland na farko a 1988 ya fito. Shekara 24 mutane na jira!

6/ Na Obsidian ya fi taɓa ni. Microsoft ta soke musu babban aiki, sun sallami ma'aikata, kamfani na tangal-tangal. A Satumbar 2012 suka nemi miliyan 1.1. Cikin kwana ɗaya da 'yan awanni kuɗin ya cika. Mutum sama da 73,000 suka tara kusan miliyan 4, Pillars of Eternity ya fito a 2015.

7/ Me ya sa mutum zai biya kuɗin abin da ba a ƙera ba tukuna? Yaran da suka buga Fallout sun girma, sun fara ɗaukar albashi. Kuma sunayen da suka sani ne, irin su Fargo da Tim Cain da Josh Sawyer. Amana suka saya.

8/ Amanar ta sha gwaji fa. Torment: Tides of Numenera ya tara sama da miliyan 4 a 2013, bai fito ba sai 2017, kuma an yanke wasu abubuwan da aka yi alkawari. Sai da inXile, kamfanin Fargo, ya ba da haƙuri.

9/ Abin dariya kuma, a 2018 Microsoft ta sayi inXile da Obsidian duka 😅 Masoya sun yi noma, babba ya zo girbi.

10/ Duk da haka ku dubi Larian ta Beljiyam. A 2013 ta tara ƙasa da miliyan 1 don Divinity: Original Sin, a 2015 ta tara miliyan 2 don na biyu. Daga nan ta samu ƙarfin yin Baldur's Gate 3, gwarzon gem na 2023.

11/ To duk wanda ke buga shi yau, ya sani akwai waɗanda suka saka kuɗinsu tun babu tabbas. Ku kuma fa, wane tsohon gem za ku yi wa karo-karo?