Me ya sa giyar Italiya ba ta jituwa da ta Japan?

Yau maganar keken tsere za mu yi, musamman tsofaffin nan da ke shigo mana gwanjo daga Turai. Mutum zai samu keke lafiyayye ɗauke da kayan Campagnolo, giya ta fara ba shi matsala, sai ya ce bari ya koma Shimano tunda su suka cika kasuwa. Ya sayi abu ɗaya, mai gyara ya ce sai an ƙara wani, kafin ka ce kwabo kuɗin gyara ya zarce na keken. Wannan matsala tarihi ne ya haife ta, kuma shi zan ba ku yau.

Mu fara da Italiya. Tullio Campagnolo ɗan tsere ne daga garin Vicenza. A zamaninsa in kana son sauya giya, sai ka sauka, ka kwance wilin baya, ka juya shi, ka sake ɗaurewa. Labarin da ake bayarwa shi ne, a 1927 a kan dutsen Croce d'Aune, sanyi ya sandarar masa da yatsu har ya kasa kwance noti. Daga nan ya ƙirƙiro makullin nan na hannu da ake cire wili da shi ba tare da sifana ba, ya kafa kamfani a 1933. Gasar Tour de France kanta ba ta yarda 'yan tserenta su yi amfani da ƙarfen nan mai tura sarƙa daga faranti zuwa faranti ba sai a 1937.

To ga inda nake so ku lura. Shekaru da dama bayan nan, libar giya a jikin keken take, kuma ba ta da ƙas-ƙas. Kai ne za ka ja a hankali, kana sauraron sarƙa da kunne har ta zauna. Saboda haka babu ruwan kowa da sunan kamfani. Ka sa liba ta Faransa, mai tura sarƙa na Italiya, farantan haƙora na Japan, duk su yi aiki tare lafiya lau.

Japan ce ta sauya wasan. Shozaburo Shimano ya buɗe masana'antarsa a garin Sakai a 1921. Amma wani kamfanin Japan ɗin, SunTour, shi ya fara fito da mai tura sarƙa da ke bin gangaren farantai daidai, ya yi masa rajistar mallaka a 1964. Rajistar ta ƙare a 1984. A shekarar ce kuwa Shimano ya ɗauki wannan fasali, ya haɗa da sabon tsari mai suna SIS a kayansa na Dura-Ace: ƙas ɗaya, giya ɗaya.

Daɗin da mahayi ya samu ba kaɗan ba ne, amma da sharaɗi. Kowane ƙas yana jan waya gwargwadon wani awo, mai tura sarƙa ya matsa gwargwadon nasa, tazarar farantai kuma dole ta dace da su biyun. Kowane kamfani ya zaɓi nasa awon. Shimano ya kai libar giya cikin hannun birki a 1990, Campagnolo ya biyo da Ergopower a 1992, SRAM na Amurka ya shigo harkar keken tsere a 2006, kowa da lissafinsa.

Shi ya sa in za ka sauya kamfani yau, abu huɗu ke jiranka. Na farko, liba da mai tura sarƙa na baya tare ake sauya su. Na biyu, farantan Shimano ba sa hawa cibiyar wilin Campagnolo, don tsagoginsu daban ne. Na uku, tsohon keke mai giya 6 ko 7 faɗin bayansa milimita 126 ne, wilin da ya zo daga baya kuma 130 yake nema. In jikin keken baƙin ƙarfe ne, gwani zai iya buɗa shi kaɗan, amma alminiyum da kabon ba a yi musu haka, tsagewa za su yi. Na huɗu, ramin da sandar feda ke ratsawa: na Italiya faɗinsa milimita 70, na Ingila 68, zaren murɗinsu ma ba ɗaya ba ne.

Akwai ɗan sauƙi a wuri ɗaya. A giya 11, tazarar farantan kamfanonin uku ta kusa zama ɗaya, har wilin wannan kan yi aiki da libar wancan.

Shawarata, kafin ka sayi ko da noti, ka auna keken ka lissafa abubuwan nan huɗu. In lissafin ya fi ƙarfin aljihu, ka bar tsohuwar libar nan mara ƙas-ƙas a wurinta. Ita ce kaɗai ke aiki da kayan kusan kowane kamfani, sai dai ka koyi sauraron sarƙarka kamar mahayan da.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya tsare mana hanya.